Zaɓen Manhajar Kula da Tashin Kwamfuta: A San Baƙo Kafin a Kore Shi

Tun daga shekarar 2015, lokacin da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a kan kwamfuta baki ɗaya, ɗakin na'ura mai ƙwaƙwalwa ya zama ɗaya daga cikin muhimman ɗakuna a makarantun sakandare. Sai dai kuma akwai wani kuka da ba ya ƙarewa a bakin malamai da ɗalibai, wato nauyin da kwamfuta ke yi a lokacin da aka kunna ta. Darasi na minti 40 ne, janareta na shan mai, amma sai a ɓata wani kaso mai tsoka na wannan lokaci ana jiran na'ura ta gama farkawa. Da yawa daga cikin masu fama da wannan matsala sukan garzaya intanet su sauko da manhajar da ta yi alkawarin wanke kwamfuta da latsa maɓalli ɗaya. Wannan hanya tana da haɗari. Manhajar da ta cancanci a zaɓa ita ce wadda za ta nuna wa mutum abin da ke tashi tare da kwamfutarsa, ta faɗa masa asalin kowanne, sa'an nan ta bar masa hukunci a hannunsa, tare da damar janye hukuncin idan ya yi kuskure.

Abin da ke faruwa bayan an kunna na'ura

Da zarar wuta ta shiga kwamfuta, wata 'yar manhaja da ke zaune cikin allon na'urar, wadda ake kira BIOS ko UEFI, takan duba sassan jikinta, sa'an nan ta miƙa ragama ga babbar manhajar gudanarwa, kamar Windows. Ita kuma Windows sai ta tayar da direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke magana da sifika da madannai da firinta, ta kuma tayar da hidimomin da ke aiki a ɓoye ba tare da sun buɗe taga ba. Bayan mai amfani ya shigar da sunansa, sai wani rukunin ya biyo baya, wato manhajojin da suka rubuta sunayensu a jerin masu tashi da farko.

Kowace daga cikin waɗannan tana neman rabonta daga abubuwa uku: lokacin furosesa, da wuri a ƙwaƙwalwar wucin-gadi da ake kira RAM, da kuma karatu daga faifan ajiya. Tsohon samfurin faifai, wanda galibi ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti guda, yana da hannu mai motsi da ke bin bayanai inda suke. Idan manhajoji ashirin suka nemi karatu a lokaci guda, sai hannun ya riƙa kai da komo tsakaninsu, kamar famfo ɗaya da masu ɗiban ruwa suka yi wa cincirindo da asuba. Wannan cunkoso shi ne yawancin nauyin da ake gani.

A zamanin MS-DOS lamarin yana da sauƙin bi. Fayil biyu ne ke ɗauke da jerin, wato CONFIG.SYS da AUTOEXEC.BAT, kuma kowa yana iya buɗe su ya karanta layi-layi. Ko a wancan lokaci akwai manhajojin da ke laɓewa a ƙwaƙwalwa suna jiran a kira su, irin su SideKick ta kamfanin Borland da ta fito a 1984, kuma masu amfani sukan yi ta lissafin yadda za su cusa su cikin kilobayit 640 da tsarin ya tanada. A yau wuraren laɓewa sun warwatsu. Akwai jakar Startup, akwai sassan da ake kira Run a cikin kundin rajista, akwai jerin hidimomi, akwai jadawalin ayyukan da ke tashi bisa lokaci, akwai direbobi, ga kuma ƙananan manhajojin da ke manne wa burauza. Wannan warwatsuwa ita ta haifar da buƙatar manhajar da za ta tattaro su wuri guda.

Mazauna iri uku

Abubuwan da ke tashi tare da kwamfuta sun kasu gida uku. Kashi na farko su ne na dole, irin su manhajar riga-kafi da direban sauti da abin da ke haɗa na'ura da intanet. Kashi na biyu su ne masu amfani amma ba lallai ne su tashi da farko ba, kamar manhajar hira, da ta kiɗa, da masu leƙen ko an fitar da sabon samfuri. Waɗannan ana iya buɗe su a lokacin da ake buƙatarsu. Kashi na uku su ne miyagu.

Kashi na uku shi ne ya sa wannan batu ya wuce maganar sauri kawai. Ƙwayar cutar kwamfuta ba ta da amfani ga mai ita idan za ta mutu da zarar an kashe na'ura, don haka dole ta nemi hanyar sake tashi gobe. Ƙwayar ILOVEYOU da ta bazu daga ƙasar Filifin a watan Mayu na 2000 ta rubuta sunanta ne a sashen Run na rajista domin ta riƙa farkawa kullum. Haka nan ƙwayar nan da ke ɓoye fayilolin filash ta bar gajerun hanyoyi a madadinsu, wadda ɗakunan kwamfuta da shagunan buga takardu suka sani sarai, takan dasa ƙafarta a jerin masu tashi, ta zauna tana jiran filash na gaba. Ke nan jerin masu tashi shi ne wuri na farko da ya kamata a duba idan ana zargin na'ura ta kamu. Aikin manhajar da za a zaɓa shi ne ta taimaka a bambance waɗannan kashi uku ba tare da an haɗa mai laifi da mara laifi ba.

Ma'auni huɗu

Ma'auni na farko shi ne faɗin gani. Manhajar da ke duba jakar Startup kaɗai ta bar jadawalin ayyuka da hidimomi ta bar ƙofofi da yawa a buɗe.

Na biyu shi ne bayanin asali. Suna kaɗai ba hujja ba ne, domin kowace manhaja tana iya kiran kanta abin da ta ga dama. Alal misali, svchost.exe na gaskiya yana zaune ne a jakar System32 ta Windows, kuma ba abin mamaki ba ne a ga kwafinsa da yawa suna aiki a lokaci guda. Amma idan aka ga mai irin wannan suna a jakar wucin-gadi, ko aka ga an juya haruffan sun koma scvhost, to akwai abin tambaya. Saboda haka dole manhajar ta nuna inda fayil yake, da kamfanin da ya yi shi, da kuma ko yana ɗauke da hatimin lantarki na wannan kamfani.

Na uku shi ne damar komawa baya. Akwai bambanci tsakanin dakatarwa da gogewa. Abin da aka dakatar ana iya mayar da shi cikin daƙiƙa guda idan sauti ya ɗauke ko firinta ta daina amsawa. Abin da aka goge kuwa sai an sake nemo shi, wani lokaci ma sai an sake ɗora Windows gaba ɗaya.

Na huɗu shi ne amana. Irin wannan manhaja tana aiki ne da cikakken ikon mai gida, tana taɓa wuraren da sauran manhajoji ba sa kaiwa. Ya zama wajibi a san wanda ya yi ta, a sauko da ita daga shafinsa na asali, a kuma lura ko ita kanta za ta ƙara wa na'ura nauyi ta hanyar zama a ɓoye dare da rana.

Abin da ke cikin gida

Idan aka ɗora waɗannan ma'aunai, za a ga cewa wurin farawa yana cikin Windows tun asali. Task Manager, wadda injiniya David Plummer ya rubuta kuma ta fito tare da Windows NT 4.0 a 1996, tana buɗewa idan an danna Ctrl da Shift da Esc tare. Tun daga Windows 8 a 2012 aka sanya mata sashen manhajoji masu tashi da farko, kuma a nan ana ganin sunan kowace, da kamfaninta, da nauyin da take ɗora wa na'ura. Wannan nauyi aunawa ake yi. Manhajar da ta ci fiye da daƙiƙa ɗaya na lokacin furosesa, ko ta yi aikin da ya wuce megabayit 3 a kan faifai, ana lissafa ta mai nauyi sosai. Wadda ta ci ƙasa da kashi 300 cikin 1,000 na daƙiƙa, kuma aikinta a faifai bai kai kilobayit 300 ba, ita ce mara nauyi. Abin da ke tsakani shi ne matsakaici. Maɓallin da ke wurin dakatarwa yake yi, ba ya gogewa, don haka ɗalibin aji huɗu zai iya amfani da shi ba tare da fargaba ba. Rauninta shi ne jerin nata bai haɗa da ayyukan jadawali da direbobi ba.

Akwai kuma msconfig, wadda ta fara zuwa da Windows 98. Amfaninta a yau shi ne gano hidimar da ke kawo matsala. Ana ɓoye hidimomin Microsoft, a dakatar da sauran, a sake kunna na'ura. Idan matsalar ta tafi, an tabbatar mai laifin yana cikin waɗanda aka dakatar. Daga nan sai a mayar da rabi a gwada, a sake raba rabin da ke da matsalar gida biyu, a ci gaba a haka. Malamin lissafi zai gane wannan dabara nan take: cikin hidimomi 16, gwaji huɗu sun isa a kama guda ɗaya, domin 16 ta koma 8, ta koma 4, ta koma 2, ta koma 1.

Autoruns da 'yar'uwarta

Inda gani na Task Manager ya tsaya, nan Autoruns ke ɗauka. Mark Russinovich da Bryce Cogswell ne suka yi ta a ƙarƙashin Sysinternals, shafin da suka kafa a 1996 wanda Microsoft ya saya a 2006. Kyauta ce, ba ta buƙatar a girka ta, kuma idan an rufe ta ba ta barin komai yana aiki a baya. Tana jero dukkan wuraren da aka ambata a sama, har da wasu da yawancin mutane ba su taɓa jin sunansu ba. Ana iya umartar ta ta ɓoye abubuwan Microsoft domin idanu su tsaya kan baƙi. Layin da ta shafa wa launin rawaya yana nufin an rubuta suna amma fayil ɗin ba ya nan, mai launin hoda kuma yana nufin ba a tabbatar da hatimin mai shi ba. Cire alama daga akwatin da ke gefen layi dakatarwa ce kawai, mayar da alamar kuma ya dawo da abin yadda yake.

Abubuwa biyu sun ƙara mata daraja ga makaranta. Na ɗaya, tana iya tambayar VirusTotal, wato shafin da aka buɗe a ƙasar Sifen a 2004 kuma Google ya saya a 2012, wanda ke gwada fayil da gommai na manhajojin riga-kafi. Idan ɗaya ko biyu kaɗai suka yi ƙorafi, yana iya zama kuskure ne nasu. Idan kuwa yawancinsu suka yi, magana ta ƙare. Na biyu, tana iya adana hoton jerin a fayil, daga baya ta kwatanta shi da halin da ake ciki. Malamin da ya adana jerin a farkon zango zai ga duk baƙon da ya shigo zuwa ƙarshensa. 'Yar'uwarta Process Explorer kuma tana nuna abin da ke gudana a yanzu, da wace manhaja ce ta haifi wace, abin da ke taimakawa a gano wanda ke sake tayar da wani abu bayan an kashe shi.

Duk da haka, babu jerin da ya isa a rantse da shi. A ƙarshen watan Oktoba na 2005 Russinovich ya bayyana cewa wasu faya-fayan waƙa na kamfanin Sony BMG suna dasa wata manhajar hana kwafi a kwamfuta, wadda ke ɓoye duk fayil ɗin da sunansa ya fara da $sys$ daga idon Windows kanta. Da wata manhajarsa mai suna RootkitRevealer ya gano ta. Darasin shi ne, abin da ya shiga can ƙasan tsari yana iya rufe idon mai dubawa, don haka manhajar duba jeri ba ta ɗauke wa na'ura buƙatar riga-kafi.

Masu alkawarin maɓalli ɗaya

Sai kuma manhajojin da ke kiran kansu masu shara ko masu ƙara gudu. Da yawa daga cikinsu sukan nuna jajayen lambobi na kurakurai ɗari-ɗari, sa'an nan su nemi kuɗi kafin su gyara. Yawancin waɗannan kurakurai tsofaffin layuka ne a rajista da ba su hana komai aiki. Microsoft ya daɗe da bayyana cewa ba ya goyon bayan amfani da masu share rajista, kuma daga ranar 1 ga Maris 2018 ya sa manhajar tsaronsa ta fara cire waɗanda ke tsorata mutane domin su biya. Irin waɗannan sun faɗi a ma'auni na biyu da na uku, domin suna yanke hukunci a madadin mai na'ura ba tare da bayani ba, kuma sau da yawa sukan ƙara kansu a jerin masu tashi, wato su zama ɓangare na cutar da suka zo magani. Masu iya magana sun ce garin gyaran gira a rasa ido.

Ko mai kyakkyawan suna a cikinsu ba ta tsira daga haɗari ba. A 2017 wasu masu kutse suka shiga na'urorin kamfanin Piriform suka cusa muguwar manhaja cikin CCleaner samfuri na 5.33, kuma kimanin kwamfutoci miliyan 2.27 suka ɗauke ta kafin a gano a watan Satumba. Gurɓataccen samfurin yana ɗauke da sahihin hatimin kamfanin. Kamfanin ya fitar da gyara, amma abin ya nuna gaskiya biyu: hatimi shaida ce ta inda abu ya fito, ba shaidar lafiyarsa ba, kuma kowace manhajar da aka ƙara wa na'ura ƙarin ƙofa ce da dole a tsare. Idan abin da ke cikin gida ya wadatar, hikima ita ce kada a ƙara.

Ɗalibai masu wayar hannu ma wannan magana ta shafe su. Manhajojin da ke iƙirarin share ƙwaƙwalwar Android suna kashe abubuwan da tsarin zai sake tayarwa nan take, kuma wannan kashewa da tayarwa ya fi cin batir. Tun daga Android 14 a 2023, Google ya hana kowace manhaja kashe ayyukan ɓoye na wata.

Hujjar masu saɓani

Akwai masu cewa malami mai kula da kwamfutoci talatin ba shi da lokacin bin layi-layi, kuma Autoruns wuƙa ce mai kaifi a hannun wanda bai sani ba. Gaskiya ne, wanda ya dakatar da direban da bai kamata ba yana iya wayar gari na'ura ta ƙi tashi. Amma maganin wannan shi ne raba aiki da kafa doka. Ɗalibai su tsaya a kan Task Manager, kuma su riƙa aiki da asusun da ba shi da ikon girka manhaja. Malami shi kaɗai ya riƙe Autoruns, ya ɓoye abubuwan Microsoft kafin ya taɓa komai, ya ajiye madogarar komawa baya ta Windows, kada kuma ya taɓa sashen direbobi sai da dalili. Game da lokaci kuwa, kwamfutocin makaranta galibi iri ɗaya ne, don haka binciken da aka yi wa guda ɗaya zai yi wa sauran amfani.

Akwai kuma iyakar da ya kamata a faɗa. Na'urar da ke da ƙaramar RAM da tsohon faifai mai juyawa ba za ta zama sabuwa ba don an rage jerin masu tashi. Sauya faifan da irin wanda ba shi da sassa masu motsi, wato SSD, ya fi kowace manhaja tasiri, kuma kuɗin da za a ba masu alkawarin gudu ya fi dacewa a tara shi don wannan. Haka kuma, tun da Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin yau da kullum na Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, wasu makarantu za su duba yiwuwar ɗora Linux a kan tsofaffin na'urorinsu. Can ma ƙa'idar ba ta sauya ba, domin umarnin systemd-analyze blame yana jero hidimomi tare da lokacin da kowace ta ci wajen tashi.

Darasin kimiyya a ɗakin kwamfuta

Babbar ribar wannan hanya ita ce tana koyar da tsarin binciken kimiyya da kayan da ke gaban ɗalibi. A ba shi agogo ya auna lokacin da na'ura ke ɗauka daga danna maɓallin wuta zuwa buɗewar burauza, ya maimaita sau uku, ya fitar da matsakaici. Sa'an nan ya dakatar da abu ɗaya tak, ya rubuta sunansa da kwanan wata a littafin da ke ajiye kusa da na'urar, ya sake aunawa. Idan ya sauya abubuwa biyar a lokaci guda, ba zai san wanda ya kawo canjin ba, kuma wannan ita ce ƙa'idar da malamin kimiyya ke nanatawa a ɗakin gwaje-gwaje. Ɗalibin da ya saba da tambayar mene ne wannan, wa ya yi shi, a ina yake zaune, ya samu abin da zai amfane shi ko da sunayen manhajoji sun sauya.

Saboda haka, shawara ga makarantu ita ce su fara da Task Manager, su ajiye Autoruns da Process Explorer a hannun malami bayan an sauko da su daga shafin Microsoft, su riƙe manhajar riga-kafi guda ɗaya da ake sabuntawa, su kuma hana girka duk wata manhajar da ke alkawarin gyara ba tare da ta nuna abin da za ta taɓa ba. A adana hoton jerin masu tashi a makon farko na kowane zango, a kwatanta shi a makon ƙarshe, a rubuta abin da aka gani a littafin ɗakin kwamfuta domin malamin da zai gaji aikin ya san inda aka tsaya.